K-pop: Yadda Ake Kamuwa da Sonta da Wahalar da Taurarinta Ke Sha

Galibin waɗanda suka kamu da son waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu, waɗanda duniya ta sani da K-pop, ba da niyya suka shiga ba. Mutum yana cikin duba wayarsa a TikTok ko YouTube sai ya ci karo da gajeren bidiyo na samari bakwai ko 'yan mata huɗu suna rawa, ƙafa na sauka tare, hannu na tashi tare, babu wanda ya riga wani ko da da ƙiftawar ido. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe, manhajar kuwa ta lura da tsayawar tasa, sai ta kawo masa wani. Kafin mako ya zagayo ya fara rarrabe fuskoki, ya san sunaye, ya san wane ne shugaban ƙungiyar, wane ne auta, wa ya fi iya rawa, wa ke sunkuyar da kai idan an yabe shi. Daga nan waƙar kanta takan koma gefe, domin abin da ya riƙe shi yanzu mutanen ne: shirye-shiryen da suke wasa da dariya a tsakaninsu, bidiyon da suke cin abinci a masaukinsu, da hirar tsakar dare da tauraro kan yi kai tsaye da masoyansa, babu kwalliya a fuskarsa, yana gaya musu cewa yau ya gaji amma tunaninsu ne ya ƙarfafa shi.

Wannan hanya da masoyi ke bi ba dacen sa'a ba ce. Shimfiɗa ta aka yi da gangan, kuma an shafe kusan shekara 30 ana gyara ta. Abubuwa biyu ne ke jan mutum zuwa K-pop: ƙwarewar da ba a ganin aibi a cikinta, da kuma jin cewa tauraron na kusa da kai kamar ɗan gidanku. Waɗannan abubuwa biyu su ne ainihin hajar da kamfanoni ke sayarwa, kuma daga jikin matasa da ƙuruciyarsu ake tatso su. Shi ya sa nake ganin ba za a iya raba zancen son K-pop da zancen wahalar taurarinta ba, kuma masoyi, ko a Seoul yake ko a Kano, yana da hannu a lamarin gwargwadon abin da yake kashewa da abin da yake nema.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A 1992 wasu samari uku da ake kira Seo Taiji and Boys suka fito a talabijin da salon da ya gauraya kiɗa da rawar Amurka da harshen Koriya. Alƙalan shirin ba su ba su maki mai kyau ba, amma matasa suka rungume su hannu bibbiyu. Lee Soo-man, wanda ya kafa kamfanin SM Entertainment, ya hango kasuwa a nan, ya kuma ƙudurta cewa ba zai zauna jiran baiwa ta faɗo daga sama ba, zai nemo yara ya horar da su da kansa, kuma ta haka ƙungiyar H.O.T. ta fito a 1996. A shekarar ce Yang Hyun-suk, ɗaya daga cikin samarin nan uku, ya kafa kamfanin YG, sai Park Jin-young ya kafa kamfanin JYP a 1997. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a ƙarshen 1997 har ta nemi ceton fiye da dala biliyan 50 ta hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya, gwamnatin Kim Dae-jung ta fara kallon waƙa da fim a matsayin kayan fitarwa waje, kamar mota da jirgin ruwa. A ƙarshen 2012 bidiyon mawaƙi Psy ya zama na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, a 2018 shugaban ƙungiyar samarin nan bakwai ta BTS ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2020 kuma ƙungiyar ta zo ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin Billboard na Amurka.

Duk wannan ya tsaya ne a kan tsarin horo. Kamfani kan gudanar da gwaji a Seoul da Tokyo da Bangkok da Los Angeles, ko kuma ma'aikacinsa ya tsinci yaro a bakin makaranta saboda kyan fuskarsa. Wanda aka ɗauka, sau da yawa yana tsakanin shekara 12 da 16, ya zama ɗan horo. Idan ya tashi daga makaranta sai ya wuce ɗakin atisaye, ɗaki mai madubi daga bango zuwa bango, inda zai yi darasin murya da rawa da harshen waje, ya maimaita taku ɗaya har dare ya raba. A ƙarshen kowane wata akwai jarrabawa: ya tsaya gaban malamai da manyan kamfani, kyamara na ɗauka, ya yi waƙarsa da rawarsa, a ba shi maki, a jera sunansa da na abokan kwanansa daga na sama zuwa na ƙasa. Wanda ya daɗe a ƙasa ana iya sallamarsa ba tare da dogon bayani ba. Babu ranar gamawa da aka yi wa kowa alkawari. Jihyo ta ƙungiyar Twice ta yi kimanin shekara 10 tana horo kafin a fito da ita a 2015, Jennie ta Blackpink ta yi kusan 6. Waɗannan su ne suka kai gaci. Mafi yawan 'yan horo ba a taɓa fito da su, sai su koma gida suna da shekara 20 ko fiye, takwarorinsu sun yi musu nisa a karatu a ƙasar da jarrabawar shiga jami'a ke yanke wa mutum makoma, kuma babu wanda ke ƙirga su idan ana lissafin nasarar K-pop.

Jikin ɗan horo ma ba nasa ba ne. Tsofaffin taurari da dama sun ba da labarin yadda ake ɗora su a kan sikeli a kai a kai, wani lokaci a gaban sauran, ana kuma ba wasu shawarar tiyatar gyaran hanci ko ido tun kafin su mallaki hankalin kansu. Momo, 'yar Japan da ke cikin Twice, ta faɗa da bakinta a wata hira kai tsaye da masoya cewa kafin fitowarta an umarce ta da ta rage kilo 7 cikin mako guda, ta yi kwanaki ba ta cin komai sai ƙanƙara, tana zuwa motsa jiki, idan ta kwanta da dare kuma tana kuka don tsoron kada gari ya waye ba ta farka ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin waɗannan labarai shi ne yadda ake karɓarsu. Masoya kan yaɗa su a matsayin shaidar jajircewa, su ce ku dubi irin wahalar da gwanarmu ta sha, wahalar da kanta sai ta zama abin talla da ke ƙara wa tauraruwar farin jini. Yarinya 'yar shekara 14 da ke kallo daga Jakarta ko Legas kuwa darasin da take ɗauka shi ne, haka ake yi idan ana son kyau.

Sai batun kuɗi, wanda masoya sababbi suka fi jahilta. A kasuwanninmu yaro kan yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru, yana buɗe shago yana rufewa, da sanin cewa ranar sallama za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. A ƙananan kamfanonin K-pop da yawa abin a juye yake: ranar da aka fito da kai ita ce ranar da ake buɗe maka littafin bashi. Kuɗin malamai, hayar masauki, abinci, tufafi, gyaran gashi, ɗaukar bidiyo, duka ana rubutawa, kuma sai kuɗin shiga ya cike wannan rami kafin tauraro ya ga ko won ɗaya, wato kuɗin Koriya. An san manyan kamfanoni da ɗauke nauyin horo a kansu, amma ƙungiyoyi gommai ne ke fitowa kowace shekara, akasarinsu daga ƙananan kamfanoni, kuma da yawa kan watse ba tare da an taɓa biyan mambobinsu ba. Shari'ar Chuu ta ƙungiyar Loona ta tona yadda lissafin yake: kamfani na ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga, amma kuɗin da aka kashe ana raba shi biyu daidai, ta yadda mawaƙiya za ta iya yin aiki ba dare ba rana bashinta na ƙaruwa. Kotu ta soke kwantiraginta a 2023. Ko shahara ba ta tsare kowa ba, domin a 2022 Lee Seung-gi, wanda ya fara waƙa tun 2004 kuma babu gidan da ba a san shi ba a Koriya, ya bayyana cewa cikin shekara 18 ba a taɓa ba shi kasonsa na cinikin waƙoƙinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar da ake da ita a yau taurari ne suka saye ta da sana'arsu. A Yulin 2009 mambobi uku na TVXQ, ƙungiyar da ta fi kowace tashe a Koriya da Japan a lokacin, suka maka SM a kotu kan kwantiragin shekara 13, wanda ba a ma lissafa lokacin aikin soja na tilas a cikinsa. Kotu ta ba su gaskiya a matakin farko, kuma a shekarar ce hukumar da ke kula da adalci a kasuwanci ta fitar da kwantiragi na bai-ɗaya mai wa'adin shekara 7. Sai dai samarin uku, waɗanda suka kafa JYJ, sun wayi gari ƙofofin shirye-shiryen waƙa na talabijin a rufe suke gare su, har sai da hukumar ta umarci SM a 2013 da ta daina yi musu ƙafar ungulu, majalisa kuma ta gyara dokar watsa labarai a 2015 don hana toshe mawaƙi ba bisa dalili ba. A 2014 aka fara aiki da dokar da ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 15 awa 35 na aiki a mako, 'yan 15 zuwa 18 kuma awa 40. A 2017 hukumar ta tilasta wa kamfanoni 8 gyara kwantiragin 'yan horonsu, ciki har da cire sharaɗin da ke ɗora wa ɗan horon da ya janye tarar ninki biyu ko uku na abin da aka kashe masa. Ci gaba ne na gaske, ba na raina shi. Amma wa'adin shekara 7 ya haifar da nasa sakamakon, domin kamfani ya san ƙayyadadden lokaci yake da shi na mayar da jarinsa, sai ya matse komai a ciki, kuma ƙungiyoyi irin su 2NE1 da 4Minute da Sistar duk a shekara ta bakwai suka watse.

Matsin lokacin nan a jadawalin aiki ake ganinsa. Idan ƙungiya ta saki sabon faifai, takan yi makonni tana zagaya shirye-shiryen waƙa na tashoshin talabijin na KBS da MBC da SBS da Mnet, ana tashi gyaran gashi da kwalliya tun kafin asuba, a yi ɗauka da sassafe, a yi shiri kai tsaye da yamma, a wuce wasa a wata jami'a ko wani gari da dare, barcin kuwa a cikin mota. A ranar 3 ga Satumban 2014, da tsakar dare ana ruwan sama, motar da ke mayar da 'yan matan Ladies' Code Seoul bayan ɗaukar wani shiri a Daegu ta ƙwace ta daki shingen hanya. EunB ta rasu a ranar, RiSe ta bi ta bayan kwana huɗu. Bincike ya nuna manajan da ke tuƙi yana gudun fiye da kilomita 130 a awa, an kuma hukunta shi. Shi ma ma'aikaci ne da jadawalin ke kora, kuma hukunta shi bai rage ko wasa ɗaya daga jadawalin wata ƙungiya ba.

A nan ne masoya ke shigowa, kuma nan ne lamarin ya fi sarƙaƙiya. A zamanin da duniya ta daina sayen faifai, Koriya ta sayar da fiye da miliyan 100 a 2023, wani faifan Seventeen shi kaɗai ya haura miliyan 6. Ba don sauraro ake sayensu ba. A cikin kowane kwali akwai katin hoton mamba ɗaya da ba a san ko wane ne ba sai an buɗe, don haka mai neman hoton gwaninsa sai ya yi ta saye. Kowane faifai kuma tikiti ne na shiga ƙuri'ar taron sa hannu, inda wanda aka zaɓa zai zauna gaban tauraro na minti ɗaya ko biyu, su gaisa, su haɗa ido. Masoyi kan sayi faifai iri ɗaya guda 30 ko 50, ya zare katunan, ya zubar da sauran, har masu fafutukar kare muhalli daga cikin masoyan suka kafa Kpop4Planet a 2021 suna ƙorafi kan tarin robar. Akwai kuma manhajoji irin su Weverse da Bubble, inda a Bubble kake biyan kuɗi duk wata saƙon tauraro ya riƙa shigo maka kamar kai kaɗai ya rubuta wa, har da sunanka a ciki, alhali dubban mutane ne suka karɓi saƙon a lokaci guda. Ƙari a kan haka, masoya ne ke kaɗa ƙuri'a da maimaita sauraro don gwaninsu ya zo na ɗaya, suna kwana a kan waya kamar masu aikin dare. An ma taɓa cin amanar wannan himma, domin a 2020 kotu ta ɗaure furodusan gasar Produce 101 ta Mnet shekara 2 saboda murɗe ƙuri'un da masu kallo suka biya kuɗi suka kaɗa.

Wanda aka koya masa cewa da kuɗinsa da rashin barcinsa aka gina tauraro, ba abin mamaki ba ne ya fara jin yana da iko a kansa. Daga nan dokar hana soyayya ta samo ƙarfinta. Park Jin-young ya faɗa a fili cewa kamfaninsa na hana sababbin taurari soyayya na shekara 3 bayan fitowarsu. A 2018, da Hyuna da E'Dawn suka tabbatar suna son juna, kamfanin Cube ya sanar da korarsu yana cewa amana ta rushe. A farkon 2024 aka ji cewa Karina ta aespa, mace mai shekara 23, tana soyayya da wani ɗan fim. Wasu masoya suka yi hayar babbar mota mai allon lantarki, suka girke ta gaban hedikwatar kamfaninta, SM, allon na tambayarta ko son da masoya ke yi mata bai ishe ta ba, yana kuma barazanar cewa za ta ga faifai ya ƙi sayuwa da kujerun wasa babu kowa. Bayan 'yan kwanaki ta rubuta takardar neman afuwa da hannunta ta wallafa a Instagram. Na Seunghan na ƙungiyar RIIZE, wadda ita ma ta SM ce, ya fi muni. An dakatar da shi a 2023 bayan an bankaɗo hotunansa na kafin fitowa, ciki har da wanda yake tare da budurwa. Da aka sanar da dawowarsa a Oktoban 2024, masu adawa suka cika gaban ginin kamfanin da furannin da ake kaiwa gidan makoki, ga saurayin da ke raye, kuma cikin kwana biyu aka sanar da ficewarsa. Kowace al'umma na da nata mizanin tarbiyya, kuma mai karatu na iya samun ra'ayinsa kan soyayyar matasa. Amma waɗannan masoya ba tarbiyya suke karewa ba. Abin da ke ƙona musu rai shi ne an taɓa mafarkin da suka biya kuɗi suka saya, cewa tauraron nasu ne su kaɗai, kuma kamfanin da ya sayar musu da mafarkin shi ne ke sa tauraron durƙusawa idan mafarkin ya fashe.

A can ƙarshen wannan layi akwai waɗanda Koriyawa ke kira sasaeng, masu bibiyar tauraro har ƙofar gidansa, masu sayen lambar wayarsa da bayanin jirgin da zai hau don su zauna kusa da shi. Sai a 2021 ƙasar ta samu dokar da ta mayar da irin wannan bibiya babban laifi. A ɗaya gefen kuma akwai maƙiya, waɗanda a 2006 ɗaya daga cikinsu ta miƙa wa Yunho na TVXQ abin sha da aka zuba wa gam har aka kwantar da shi a asibiti, yau kuwa makaminsu shi ne zagi a intanet.

Dole a yi maganar waɗanda suka mutu, kuma dole a yi ta da hankali. Jonghyun na SHINee, mawaƙi kuma marubucin waƙa da ya yi shekaru yana gabatar da shirin rediyo na dare yana lallashin masu sauraro, ya rasu a Disamban 2017 yana da shekara 27, ya bar wasiƙar da ke cewa ciwon damuwa ya cinye shi daga ciki. Sulli, wadda ta fara fim tun tana yarinya kuma aka fito da ita a ƙungiyar f(x) tana da shekara 15, ta dakatar da aiki a 2014 saboda zagi da ƙage, ta ci gaba da shan suka kan suturarta da soyayyarta da ra'ayinta, har ta rasu a Oktoban 2019 tana da shekara 25. Bayan mako shida ƙawarta Goo Hara ta Kara, wadda ke cikin shari'a da tsohon saurayin da ya yi mata barazana da wani bidiyo na sirri, ita ma ta rasu tana da shekara 28. Ba daidai ba ne a ce K-pop ce kaɗai ta kashe su. Mutum ba ya kai wa ga halaka kansa saboda dalili ɗaya, kuma Koriya ta Kudu ta daɗe tana kan gaba a yawan kashe kai a cikin ƙasashen OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, inda ɗalibai da tsofaffi ma ke cikin matsi. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne, sana'ar da ke raba yaro da iyayensa da abokansa, ta hana shi barci, ta ajiye shi gaban miliyoyin masu yanke hukunci, sannan ta buƙaci ya yi murmushi kullum, ta ɗora kaya mafi nauyi a kan wanda ciwo ya riga ya raunana. Bayan rasuwar Sulli shafin Daum ya rufe wurin tsokaci a ƙarƙashin labaran nishaɗi, Naver ya bi sahu a 2020. An kuma fara ganin kamfanoni na sanar da cewa tauraro ya tafi hutu saboda firgici ko damuwa, kamar yadda aka yi wa Mina ta Twice da Kang Daniel a 2019, abin da a da ake ɓoyewa.

Adalci ne a ce Koriya ba ta da kambin zalunci a harkar nishaɗi. Japan ta riga ta tsarin horar da yara, kuma a can ne a 2013 wata mawaƙiyar AKB48 ta aske kanta ta fito tana kuka don an gan ta da saurayi. Amurka ma ta ga yadda Britney Spears ta yi shekara 13 a ƙarƙashin ikon da kotu ta ba mahaifinta. Taurarin Koriya da yawa suna son aikinsu da gaske, wasu suna rubuta waƙoƙinsu, wasu sun yi arziki sun tsamo iyayensu daga talauci. Masoya ma ba taron mahaukata ba ne: a 2020, da BTS ta ba da dala miliyan 1 ga fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, masoyanta sun tara kwatankwacin haka cikin kusan yini ɗaya, kuma matasa da yawa sun samu abokai da ƙarfin zuciya da sha'awar koyon harshe ta wannan hanya. Amma shaidar da ta fi ƙarfi daga saman tsanin ta fito. A Yunin 2022 RM, shugaban BTS, ya ce matsalar tsarin ita ce ba ya ba mutum lokacin da zai girma, kullum sai an fitar da wani sabon abu. Da ƙungiyar ta ce za ta ɗan sarara, washegari hannun jarin kamfaninsu, HYBE, ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Samari bakwai sun ce sun gaji, kasuwa ta amsa musu da asarar biliyoyi, kuma kowane kamfani ya karanta saƙon.

Matasanmu da ke bin K-pop ta waya, ko waɗanda ke zuwa gasar rawa da Cibiyar Al'adun Koriya ke shiryawa a Abuja tun bayan buɗe ta a 2010, ba su ne ke hayar motar zanga-zanga ba, kuma kaɗan ne cikinsu ke da kuɗin faifai 30. Duk da haka kallonsu na shiga lissafi, haka ma rubutunsu. Wanda ya shiga yaƙin cacar baka tsakanin masoyan ƙungiyoyi, ya yi ba'a ga ƙibar wata mawaƙiya ko ya tura jita-jita gaba, muryarsa ta haɗu da dubban da ke sauka a wayar mutum ɗaya. Nesa kuma tana da amfaninta, domin masoyan ƙetare ne suka fi fitowa kare Karina, su ne kuma suka ƙaurace wa kayan SM bayan ficewar Seunghan, har wasu shagunan sayar da faifai a waje suka dakatar da odar kayan RIIZE. Yanzu da kaso mai tsoka na kuɗin sana'ar daga waje yake zuwa, kamfanoni ba za su iya toshe kunne ga wannan ɓangare ba har abada.

Inda gizo ke saƙa shi ne matsayin tauraro a gaban doka. A ranar 15 ga Oktoban 2024 Hanni ta NewJeans, 'yar asalin Vietnam da aka haifa a Ostareliya, mai shekara 20, ta bayyana gaban kwamitin ƙwadago na Majalisar Dokokin Koriya. Ta ba da labarin yadda ta ji wani manaja a ginin HYBE, uwar kamfanin da ke riƙe da ƙungiyar tata, na gaya wa wasu taurari su yi kamar ba su gan ta ba, da yadda kokenta bai je ko'ina ba, ta yi magana da harshen da ba nata ba har hawaye ya ƙwace mata. Kamfanin ya musanta zargin. Bayan wata guda Ma'aikatar Ƙwadago ta rufe binciken ba tare da ta shiga gaskiyar zargin ko ƙaryarsa ba, bisa hujjar cewa Hanni ba ma'aikaciya ba ce a ma'anar dokar ƙwadago: ita da kamfani abokan yarjejeniya ne masu matsayi ɗaya, abin da take samu kuma rabon riba ne ba albashi ba, saboda haka sashen da ya hana cin zarafi a wurin aiki bai shafe ta ba. A ƙungiyar tata akwai wadda aka fito da ita tana da shekara 14. Kamfani ne ke zaɓa musu waƙa da sutura da masauki da lokacin tashi daga barci, shi ke riƙe da sunan ƙungiyar, kuma da 'yan matan suka ce sun fita daga kwantiragi suka nemi yin aiki da sabon suna, kotu ta tsayar da su a 2025, ta ce kwantiragin na nan daram. Idan za a fita, doka na ɗaure tauraro da sa hannunsa. Idan ya nemi kariya daga ciki, doka na cewa shi ba ma'aikaci ba ne. Muddin majalisar Koriya ba ta cike wannan giɓi ba, ta hanyar faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ko yin doka ta musamman da za ta haɗa har da 'yan horo, hutun tauraro da lafiyarsa za su ci gaba da rataya a kan kirkin shugaban kamfaninsa da kuma abin da masu saye za su yarda su jure.